Ka Sayi Na Hagu, Babana

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Kaduna lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina, an sauke kaya ba abin da ya fashe. Ya gajiyar hanya? Ya baƙunta? Allah ya sa canjin wurin aikin nan alheri ne, ya haɗa ka da maƙwabta na gari, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum. Innarku tana gaishe ku, ta ce daddawar tana cikin bokitin fenti, kada wani ya ɗauka fenti ne ya bar ta a rana.

Za ka ga na cusa takardar a bakin buhun rogo, ƙarƙashinta akwai wani ƙunshi cikin tsumma. Kada ka kwance shi sai ka kai ƙarshen karatu. Za ka ce me ya hana in kira ka a waya? Ai kai ba a magana da kai a waya. "To Baba, to Baba, in sha Allahu Baba," sai ka gama yarda da ni ba ka ji komai ba. Ni kuwa a kasuwa na tsufa, na san wanda ya yi saurin cewa "to" ba saye zai yi ba.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Shekaranjiya kana tsakar gida kana ɗaure kaya, ina zaure ina jin hirarku da Innarku. Ka ce mata Daraktan da za ka yi aiki ƙarƙashinsa ɗan wasan golf ne, wannan da manya ke bin 'yar farar ƙwallo da sanda cikin ciyawa, ya kuma ce duk Asabar ka riƙa raka shi fili, tunda likita ma ya ce ka riƙa tattaki saboda tumbin da ka fara ajiyewa. Har ya yi maka alkawarin tsofaffin sandunansa na ƙarfe, kyauta. Innarku ta ce, "To kai da kake bahago, nashi za su yi maka?" Ka yi dariya ka ce, "Inna, na dama ne, amma zan lallaɓa. Ai da lallaɓawa na girma."

Kai da dariya ka faɗe ta. Ni goron da nake taunawa ne ya tsaya mani a wuya. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da mai sauƙi.

Na san a ranka kana cewa tsohon nan me ya sani a golf, in ban da rogo da farashin gero. To saurara. Kafin a haife ka, lokacin da na zame daga gaban kakanka Malam, wanda ka ci sunansa, da 'yar bokon da na tsinta na yi zaman Kaduna ina sayar da kayan gwanjo. Kujeru, fanka, firji, duk abin da Turawa da Indiyawan masaƙa suka bari in za su koma ƙasarsu. Wata rana a wani gwanjo na hangi jakar fata, sanduna cike a ciki suna sheƙi kamar kwanonin jeren amarya. Kawunansu sirara, bayansu sumul. Ban tambayi kowa ba, na yi tayi, aka sallama mani, na ɗauko ina jin na yi wa Bature wayo.

Suka zauna a shago har gizo-gizo ya yi gida a jakar. Kowa ya zo ya zaro ɗaya, ya juya ta, ya mayar. Sai ran nan wani tsohon Manjo mai ritaya, da ke sayen fanka a wurina, ya zaro ɗaya ya kwashe da dariya.

"Sale, wa ya sayar maka da wuƙaƙe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan Ingila ne, ko ƙwarzane babu."

Ya ce, "Ai shi ne. Babu ƙwarzane don mai su ma bai iya buga su ba."

Ya ja ni bayan motarsa ya buɗe, ya fiddo tashi. Mummuna ce kusa da tawa. Kanta fankameme, gindinta da faɗi, ƙeyarta da rami kamar an kwarfe ta da cokali. Ya ce irin tawa, da suke kira wuƙa saboda sirantarta, ta gwanaye ce, waɗanda wasan ne abincinsu. Wurin da ya kamata ƙwallo ta taɓa a fuskarta bai wuce ƙwayar gurjiya ba, in ka kuskure shi kaɗan sai hannunka ya yi zir har gwiwar hannu, ƙwallo ta ruga cikin ciyawa kamar ɓera. Tashi kuwa an kwashe nauyin tsakiya an raba shi gefe-gefe, ko ka ɗan bauɗe ƙwallo za ta tashi ta tafi, ba a san ka yi kuskure ba. Ya ce, "Wannan ita ce mai rufa asiri."

Ƙarshenta wani ɗan kwangila ya saye su ya rataya a bangon falo. Ɗaya ta rage, tana nan gidan kawunka a Zakka, da ita yara ke kaɗo mangwaro.

To Babana, in ka shiga shagon sanduna, wuce masu kyan ɗan maciji. Nemi mai rami a ƙeya, mai faɗin gindi. Kai mai wasan Asabar ne, rufin asiri kake nema. Kuma kada a cika maka jaka. Kowace sanda da lambarta. Masu ƙaramar lamba, uku da huɗu, dogaye ne, fuskarsu a tsaye, Manjo da ya tsufa a filin ma ya ce a jakarsa suke barci. Ka fara daga biyar ko shida zuwa tara, ka ƙara da guda biyun nan masu kwantacciyar fuska, na ɗaga ƙwallo kusa da rami da fiddo ta daga yashi. In za ka gwada, gwada da lamba bakwai, ita ce tsaka-tsaki. In bakwai ta bi ka, 'yan uwanta za su bi ka.

Na biyu. Da na dawo gida na kama noma a Darini, akwai wani ƙato maƙwabcin gonata, in ya kafa hauya sai ka ce ƙasa ce ke gudu daga gabansa. Na ce sirrin a hauyar yake. Na je wurin masassaƙi na ce ya yi mani ƙota irin ta mutumin nan sak, tsawonta da kaurinta. Ya dube ni sama da ƙasa, abin dubawar ma ba yawa, ka san tsawona. Ya ce, "Malam Sale, anya?" Na ce kuɗinka ko shawararka na zo saye? Ya yi mani. Noman farko ban gama shi a tsaye ba. Baya ya riƙe, na kwanta rub da ciki, Innarku tana shafa mani man zafi tana cewa, "Sannu ƙato. Sannu na Darini, gagara badau." Ciyawa ta cinye rabin gonar.

Sandar golf ma ƙota gare ta. Akwai mai tauri, akwai mai ɗan lanƙwasa, akwai ta ƙarfe mai nauyi, akwai baƙa mara nauyi. Mai tauri ta samari ce masu wurga hannu kamar guguwa. Kai kuwa biro ka sani da kujera mai juyawa, ka ɗauki matsakaiciya, in kafaɗa na yi maka ƙorafi ka ɗauki mara nauyin. Mai shago zai kama damtsenka ya ce, "Oga, ai kai ƙaƙƙarfa ne, mai tauri ce taka." Kada ka ji daɗi. Ni ma na sha gaya wa ramammen mutum haka in ina son ya ɗauke mani abin da ya kwana. Ka tsaya yadda za ka buga, ka ajiye kan sandar a ƙasa. Gindinta ya kwanta daram, kada goshinta ya ɗaga, kada dunduniyarta ta ɗaga. In sai ka duƙa kamar mai tsince gyaɗa, ta yi maka gajarta. In sai ka shaƙe ta a wuya, ta yi tsawo. Mariƙin kuma ya cika maka hannu ba tare da ka matse ba.

Ba laifi ba ne ka sayi na hannu. Ni da kayan hannu na ciyar da ku. Amma ka sa farce a tsagogin da ke fuskar sandar, in sun shafe ta gama aiki. Ka murɗa kan, in ya yi motsi ko kaɗan ka ajiye. Ka duba ko duk 'yan gida ɗaya ne, don dillali yakan haɗa marayu daga gida uku ya goge su ya ce ɗan uwa da ɗan uwa ne. Roba a mariƙi in ta yi santsi wannan ba komai, ana canja ta, sai dai ka ɓata fuska a kanta a rage maka.

Na uku, kyautar manya. Ubangidana na Kaduna, wanda ya ɗora ni a harkar gwanjo, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ba ni takalmi sau ciki, fata ta gaske. Ya matse ni tun a gabansa. Ya ce, "Ya yi?" Na ce, "Alhaji, kamar an auna." Shi ke nan na ɗaura wa kaina. Duk taron da zai je, ƙafata yake fara dubawa kafin fuskata. In na zo da silifa sai ya ce, "Ina takalmin namu?" Na yi ta ɗingishi ina murmushi a ɗaurin aure da suna da jana'iza. Wannan ƙullutun da ke ƙaramin yatsana, da kuke dariyarsa kuna yara, gadon Alhaji ne. Da ranar farko na ce, "Alhaji, ƙafar tawa ta ƙauye ce, ta fi ƙarfinsa," da ya yi dariya ya ba wani, magana ta mutu.

In ka karɓi sandunan Darakta, duk Asabar jakarka zai fara dubawa. Ba ka isa ka canja su ba yana kujerar. Za ka yi ta sara ƙasa a gabansa da gaban abokansa, yana cewa "ɗaga kai, sauke kafaɗa," yana jin haushin sandunansa masu albarka sun faɗa hannun da bai san darajarsu ba. Mutum kuwa in ya saba ganin kana kuskure ran Asabar, ran Litinin ma da wannan idon zai karanta takardarka.

Ka ce to yaya ake ƙin kyautar babba? Nan ne Allah ya yi maka gata ba ka sani ba. Duk wata hujja da za ka kawo raini ce, in ban da guda ɗaya. Ka je da kanka, ka karɓi jakar da hannu biyu, ka zaro ɗaya ka yaba ta sosai, sannan ka yi ajiyar zuciya ka ce, "Ranka ya daɗe, ban yi sa'a ba. Ni bahago ne." Ba ka ce kayansa sun tsufa ba, ba ka ce ka fi ƙarfinsu ba. Halitta ce, ba mai jin haushin halitta. Ka ƙara da cewa, "Sai dai in za ka taimaka mani da ido ranar da zan zaɓi nawa." Babban mutum ya fi son a nemi shawararsa a kan a karɓi kayansa. Ka ga ka fita da mutuncinka, shi kuma ka ƙara masa tsawon hula.

To, yanzu ga wadda ta tsaya mani a wuya.

Tun kana rarrafe da hagu kake miƙa hannu. Aka sa ka makarantar kakanka, ka ɗauki alƙalami da hagu. Malam, Allah ya jiƙansa, bai hana ka ba. Ni ne abin ya dama. Na ce ni na gudu daga karatu, yanzu kuma ɗana mai sunan Malam ya zo yana rubuta allo da hagu, me mutane za su ce? Sai na tsaya a kanka. Ba a kan cin abinci da rubutun allo kaɗai na tsaya ba, da an ce na yi daidai. Na bi ka har jifa, har ɗaukar buta, har ƙwallon tsumma in na ga ka sa ƙafar hagu. Ina ta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka tuna ranar da muka je kasuwar Safana zan saya maka laujenka na farko? Maƙerin ya miƙo maka, ka karɓa da hagu. Ya ce, "A'a, ashe bahago ne yaron. Bari in ƙera mashi nashi, bakin lauje ai gefe gare shi. Kasuwa mai zuwa ku zo ku amsa." Na ce, "Ba ni na mutane." Ya ce, "Malam Sale, wanga ma mutum ne." Na biya na dama na ja hannunka muka tafi.

A makon da muka saye shi muna yankan ciyawar awaki a bakin hanyar Tsaskiya, ina tsaye a kanka don kada ka sauya hannu. Lauje a damanka, ciyawa a hagunka. Ka ja, ya zame, ya sauka a manunin hagu. Ba ka yi kuka ba. Ka dube ni ka ce, "Baba yi haƙuri, zan iya." Na ɗaure maka da ƙyalle na ce ka riƙa kula. Tabon yana nan, shekaranjiya ma na gan shi kana ɗaure katifa, kuma na lura da hagu ka ja igiyar, da ka ga ba mai kallo.

Ka iya ɗin kuwa. Ka yi rubutu da dama har ka ci jarrabawa, ka yi aiki har aka kai ka Kaduna. Ina alfahari, ina cewa ni na gyara shi. Sai shekaranjiya na ji sunan da kai ka ba abin. Lallaɓawa.

Ka ci da dama, ka sha da dama, ka gaisa da dama, ka ba mutum abu da dama. Wannan sunna ce da ladabi, ban janye ko ɗaya ba. Amma sandar buga ƙwallo ba ta cikin wannan. Wasa ne za ka yi don jininka ya gudana, ranka ya yi fari. In a wasan ma sai ka lallaɓa, to a ina za ka sake?

Na hagu suna da wuyar samu, ban ɓoye maka ba. Mai shago zai rantse maka babu su a ƙasar nan kaf. Fassarar wannan rantsuwa ita ce babu su a shagonsa. Ka ce Allah ya kawo kasuwa, ka fita. Tambayi mai koyar da wasan a filin, su suka san wanda ya gaji, da wanda zai tashi, da wanda matarsa ta ce a kwashe tarkacen nan daga ɗaki. Ga kuma sirrin kasuwa: kayan da masu nemansu kaɗan ne, mai su ya fi ka matsuwa. Wanda ke riƙe da sandunan hagu ya daɗe yana addu'ar Allah ya kawo bahago. In ka gan su kada haƙoranka su fito. Juya su, ka ce, "Wa zai sayi wannan in na gaji da su?" Sannan ka yi tayi.

Kafin ka biya, a ba ka lamba bakwai ta hagu da ta dama, ka buga ƙwallo da yawa da kowace, a wurin da Darakta ba ya nan. Manjo ya ce mani akwai bahagon da a golf jikinsa dama yake so. In naka haka ya ce, to madalla, ka bi shi. Amma jikin ne zai faɗa, ba kunya ba, ba kuma muryata da ta rage a kunnenka ba.

Sauran kaɗan. Kada ka sa kuɗi a wasa ko na shan lemo ne, caca ba ta da ƙarama. Kada ƙwallo ta cinye maka la'asar. In hannunka ya faɗa, ka fara gane kan abin, kada ka yi saurin cinye Darakta. Ka bari sai an tabbatar maka da kujerar.

Yanzu kwance ƙunshin.

Maƙerin nan ya rasu, ɗansa ke maƙerar. Jiya da sassafe na hau mashin na je Safana na ce ya ƙera mani lauje na bahago, na zauna a kansa har ya gama. Ya ce, "Baba, jika aka samu bahago?" Na ce a'a, tsohon saƙo ne na zo amsa. Da na dawo na zaga bayan gida wurin ciyawar awaki, na ce bari in riƙe shi da hagu, in ji abin da ake ji in an ba mutum aiki a hannun da ba nashi ba. Damƙa ta farko na yi kamar mai yanka da ƙafa. Ban kai ko'ina ba ya zame ya sauka a manunin dama. Innarku ta fito ta ga jini, ta dubi laujen, ta dube ni. Na jira ta ce sannu ƙato. Ba ta ce ba. Ta yago ƙyalle ta ɗaure mani.

Shi ya sa ka ga rubutun nan ya karkace kamar tafiyar kaguwa. Ni na ɗan lokaci na yi, da gemuna, har yanzu yatsan na zogi. Kai kana ɗan ƙarami ka yi, ka kuma ce mani in yi haƙuri.

Na san ba ka da akuya a Kaduna. Ka rataye shi inda za ka rataye jakar sandunan. Naka ne, tun ranar nan ya kamata ka amsa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya raya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kwantar mana da dajin nan. In za ku zo gida ku taso da wuri, kada yamma ta yi maku a hanya. Ka gaishe da mai ɗakinka, ka shafa mani kan yara. Rogon na dafawa ne, kada a bar shi ya kwana biyu a buhu.

In ka sayi sandunan, a ɗauke ka hoto kana bugawa a turo wa ƙanwarka ta nuna mani. Ba ƙwallon nake son gani ba, ko ta faɗa ruwa ba ruwana. Gefen da ka tsaya zan duba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale mai gwanjo, Batsari